Burodin fici ya ƙi gasuwa a tsakiya, sau uku ke nan

Maman Ilham

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu hannu a harkar gashi ku dube ni, abin nan ya tsaya mini a rai.

Bana bishiyar ficin maƙwabciyata ta yi 'ya'ya har rassan suna neman taɓa ƙasa, kuma tunda zafi ya kankama suke nuna a lokaci ɗaya. Makon jiya ta aiko mini da kwando cike. Ga wanda bai saba da shi ba, ɗan itacen nan ne mai ɗan gashi-gashi a bawo, cikinsa rawaya, da ƙwallo guda mai tauri a tsakiya. Idan ya nuna sosai, cizo ɗaya za ka yi ruwan ya gangaro maka har gwiwar hannu.

Babana yana son fici tun ina yarinya. Yanzu shekaru sun ja, hannunsa yana rawa, in ya ɗauki nunanne sai ruwan ya ɓata masa gaban riga, shi kuwa ba mutum ne da zai yarda a riƙe masa abu a baki ba. Ranar da kwandon ya zo na ga ya ɗauki ɗaya, ya shinshina, ya mayar bai ce komai ba. Tun daga nan na ƙudurta sai na mayar masa da shi burodi, irin mai zaƙin nan da ba a sa wa yis, ba a jiran ya tashi, a kwaɓa kawai a zuba a gwangwani. Ya riƙe yanka ɗaya da hannunsa ya ci da shayi, ya ji ɗanɗanon abin da yake so.

Ga yadda na yi. Fulawa kofi 2, sukari kofi 1, ƙwai 2, mai rabin kofi, madara rabin kofi, bekin foda ƙaramin cokali 2, ɗan gishiri, kirfa ƙaramin cokali 2. Fici manya guda 4, waɗanda suka fi laushi na zaɓa, na yanka su manya-manya don a ji su a baki, na zuba har da ruwan da ya taru a faranti, don ina ganin asara ce a zubar. Na buga kwaɓin sosai da injin bugu har ya yi santsi. Obin a kan digiri 180, minti 50.

Da na buɗe sai murna, sama ya yi ja, ya tsage a tsakiya, ƙamshi ya game gidan. Na fito da shi na ajiye, ban kai ga wanke kwanuka ba na waiwayo na ga tsakiyar ta lotsa kamar an danna da tafin hannu. Na yanka, wuƙar ta fito da kwaɓi manne a jiki. Gefe ya gasu, ƙasa kuma wani layi ne mai danƙo, kauri kamar yatsa, duk ficin ya gangara can ya kwanta.

Karo na biyu na ƙara minti 20. Gefen ya yi baƙi yana ɗaci, tsakiyar tana nan jiya i yau. Karo na uku na ce bari in markaɗa rabin ficin in zuba a kwaɓin, ko zai haɗe da fulawar. Wannan shi ya fi ɓaci, ko daga gwangwanin bai fita ba sai da cokali. Abin da ya fi ba ni haushi kuma, duk yawan ficin da na zuba, in ka ci kirfa da sukari kawai kake ji.

Saura guda 9 a kwandon, uku sun fara laushi sosai. Ba na so su ƙare ban samu ko guda ɗaya da zan kai masa ba. Shin bekin fodar ce ta yi kaɗan? Ko obin ɗina ne? Ko dai ɗanyen fici ba ya yin burodi ne, sai na gwangwani?

Hajiya Rabi

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya saka miki da alheri kan wannan niyya. Kwantar da hankalinki, ɗanyen fici yana yin burodi, kuma ya fi na gwangwani nesa ba kusa ba. Ba hannunki ba ne, ruwa ne ya yi miki yawa.

Bari mu yi lissafi tare. Fici kusan duk ruwa ne, cikin kashi 100 wajen kashi 88 ruwa ne zalla. Manya guda 4, in an cire ƙwallon, za su kai giram 600. Ke nan kin zuba ruwan da ya kai rabin lita a kan fulawa kofi 2, ban da madara, ban da ƙwai, ban da mai. Ruwan nan ba ya nuna kansa lokacin kwaɓi, yana ɓoye a cikin yankan. Sai wuta ta taɓa shi, ga sukari kewaye da shi yana zuƙo shi waje, sannan ya saki gaba ɗaya, daidai lokacin da burodin yake ƙoƙarin tsayawa da ƙafarsa. Gefe da sama suna kusa da wuta sai su bushe, tsakiya kuwa tana dahuwa ne cikin tururi. Shi ya sa ko awa biyu kika ba shi, gefe zai ƙone, tsakiya ba za ta kama ba. Markaɗawar da kika yi kuma sakin ruwan kika yi tun kafin a shiga wuta.

Na sha irin wannan a shekarun baya, har na daina yi na ɗan lokaci. Abin da ya gyara mini shi ne in raba ficin da ruwansa tun a waje, in mayar da ruwan daga baya ta wata hanya.

Ki ɗauki guda 2 manya, ko matsakaita 3, waɗanda in kin danna kusa da hancin suna ɗan lotsawa amma ba su yi luguf ba. Ki tsaga ƙasan kowanne da wuƙa, tsaga biyu a gicciye, ki jefa a tafasasshen ruwa daƙiƙa 30 zuwa 40, ki tsame ki tsoma a ruwan sanyi. Bawon zai salube da yatsa kawai, ba sai kin fere kin yi asarar tsoka ba. Ki yanka ƙanana, kamar ƙwayar wake babba, kada su wuce haka. Giram 300 kike nema bayan an gyara, wato kamar kofi 1 da rabi zuwa 2.

Sai ki zuba su a kwano, ki barbaɗa sukari babban cokali 2, ki matsa lemun tsami kaɗan don kada su yi duhu, ki juya ki bar su rabin awa. In kin dawo za ki tarar suna iyo cikin wani ruwa mai kauri, kalar zinare. Ki juye a rariya a kan kofi, ki bar shi ya tsane da kansa minti 10, kada ki matse. Ni ina samun kamar kwatan kofi, wani lokaci fiye, ya danganta da nunar. Ki ajiye ruwan nan gefe, kada ki kuskura ki zubar. Yankan kuma ki shimfiɗa su a kan tsumma mai tsabta ki ɗan dandanna, sannan ki barbaɗa musu fulawa cokali ɗaya daga cikin wadda kika auna.

Kwaɓin kuma kauri ake so, ba ruwa-ruwa irin na kek ba. In kin ɗebo da cokali kin juya shi, ya kamata ya ɗan yi jinkiri kafin ya faɗo. Ni ga nawa: fulawa giram 250, sukari giram 150, ƙwai 2, mai mililita 100, yogot marar zaƙi giram 120 a madadin madara, bekin foda ƙaramin cokali 1 da rabi, bekin soda kwatan ƙaramin cokali, gishiri rabin ƙaramin cokali. Busassun kaya a kwano ɗaya, masu ruwa a wani kwanon, a kaɗa kowanne daban.

Injin nan kuma ki mayar da shi kabad, ba aikinsa ba ne. Fulawa in ta haɗu da ruwa aka yi ta bugu, danƙonta ne ke tashi. A burodin yis danƙon ake nema, shi ya sa ake murza shi. A wannan kuwa shi ke sa ya yi tauri kamar roba, ya yi dogayen ramuka a ciki. Ki juye masu ruwan a kan busassun, ki juya da cokalin katako daga ƙasa zuwa sama. Tun kina hango ɗan farin fulawa nan da can ki zuba ficin, ki ƙara juyi huɗu ko biyar, ki tsaya. Gudaji-gudajin da kike gani wuta za ta baje su. Na san ran mutum ba ya so ya bar kwaɓi haka, hannu yana ƙaiƙayi ya gyara, amma ki daure.

Gwangwani mai tsawon inci 9 da faɗin inci 5, ki shafa mai ki shimfiɗa takardar gashi, kada kwaɓin ya wuce kashi biyu cikin uku na zurfinsa. Wuta 175, layin tsakiya, awa ɗaya zuwa minti 70. Wajen minti 40 ki leƙa, in sama ya yi ja ki yafa masa takardar alminiyom sako-sako ya ci gaba.

Yanzu ruwan nan da kika ajiye. Ki ɗora shi a ƙaramar tukunya, wuta kaɗan, ya tafasa har ya ragu zuwa rabi ya yi kauri kamar zuma. Burodi na fitowa, da zafinsa, ki ɗan tsattsaga saman da tsinke ki shafa masa. Nan ɗanɗanon ficin da kika ce ya ɓace zai dawo miki, har ya fi.

Ki bar shi a gwangwani minti 15, ki fito da shi ya sha iska ta ƙasa da sama, kuma don Allah kada wuƙa ta taɓa shi sai ya huce sarai, aƙalla awa ɗaya da rabi. Mai zafi in an yanka ko ya gasu sai ya yi kamar bai gasu ba.

Abban Khalil

Hajiya ta gama magana a kan ruwa, ba ni da abin ƙarawa a nan. Ni tambayarki ta bekin foda da obin zan taɓa, don na ga kina shirin ƙara fodar, kuma hakan zai ƙara ɓata miki aiki.

Cokali 2 a fulawa kofi 2 daidai ne, ƙa'idar da aka saba da ita ke nan, ƙaramin cokali ɗaya ga kowane kofi. In kika wuce haka burodin zai kumbura da sauri fiye da ƙarfin da zai riƙe kansa, sai ya faɗa, ga ɗaci a harshe. Bekin soda daban take da bekin foda, ko da yake mutane suna haɗa su. Soda ita kaɗai ba ta tayar da komai sai ta samu abu mai tsami, kamar yogot ko lemun tsami, sannan ta saki iskar da ke kumbura kwaɓi. Foda kuwa soda ce da aka riga aka haɗa ta da busasshen tsami da ɗan sitaci, ruwa da zafi kawai take jira. Soda ta fi ta ƙarfi wajen sau uku zuwa huɗu, shi ya sa kika ga Hajiya kwatan cokali kawai ta sa, kuma saboda yogot ɗin ta sa. In za ki tsaya a kan madara, ki bar sodar.

Abin sha'awa, wannan burodin da muke kira mai sauri bai daɗe a duniya ba in aka kwatanta da na yis. Wani masanin haɗa magunguna a Birmingham ta Ingila, Alfred Bird, shi ya haɗa bekin foda a 1843 saboda yis ba ya karɓar jikin matarsa. Ke nan asalin abin ma wani ne ya so ya ciyar da nasa abin da ba zai cutar da shi ba, kamar yadda kike yi wa Baba.

Ki gwada fodarki ko tana da rai, don in ta daɗe a buɗe tana shan damshi, mutuwa take yi. Rabin cokali a cikin ruwan zafi, in ta yi kumfa nan take lafiya lau. Soda kuma da ɗan ruwan lemun tsami ake gwada ta. Kuma kwaɓi in an haɗa kada ya zauna jiran obin ya yi zafi, obin ne zai jira shi. Ki kunna minti 15 zuwa 20 kafin ki fara.

Batun obin, nawa na gida in na sa shi a 180, ma'aunin zafin da na rataya a ciki 200 yake nunawa. Na yi shekara biyu ina zargin hannuna kafin in gane. Yadda kika ce sama ya yi ja ya tsage a minti 50 alhali ciki ɗanye, ina zaton naki ma yana da wannan hali. In gwangwaninki baƙi ne ko na gilashi, ki rage wutar da digiri 10, don gefe yana saurin ƙonewa a cikinsu.

Tsinken da ake sokawa don gwada gasuwa kuma yana yaudara a burodin 'ya'yan itace. In ya faɗa kan yankan fici zai fito a jiƙe ko da burodin ya gasu, in ya bi ta gefe zai fito a bushe ko da tsakiya ɗanya ce. Ki soka wuri uku a cikin tsagar nan ta sama, har ƙasa. Wanda ya fi tabbas shi ne ma'aunin zafin abinci, a soka a tsakiya, in ya nuna tsakanin digiri 93 da 96 ya gasu. Tsagar saman kuwa ba aibi ba ce, haka irin wannan burodin yake: ɓawon ya riga ya bushe, ciki yana ci gaba da tashi, dole ya nemi hanya.

In kina da sikeli ki auna fulawar. Kofi ɗaya yana iya zama giram 120, yana iya kai 150 in an danna, kuma a burodin da ruwa ke barazana wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Zainab A.

Anti Rabi, da girmamawa, wuri biyu ne ban bi ki ba.

Na farko bawo. Ni ba na cirewa. Ina wanke shi, in goge gashin da tsumma, in yanka haka nan. In yankan ƙanana ne bawon yana laushi a wuta ba a ma jin sa, kuma shi ke ba burodin ɗigo-ɗigon ja mai kyau in an yanka. Ƙamshi mai yawa ma a nan kusa da bawon yake. Amma tunda don dattijo za a yi, wataƙila cirewar ta fi, wannan na bar wa Maman Ilham, ita ta san bakin Baba.

Na biyu barbaɗa fulawa a kan yankan. Na gwada gwangwani biyu rana ɗaya, kwaɓi ɗaya, ɗaya da fulawar ɗaya babu, ban ga bambanci ba ko kaɗan. Abin da ke hana su nutsewa kaurin kwaɓi ne da ƙanƙantar yanka. Dabarar da nake yi, ina fara zuba kwaɓi zalla kamar cokali uku a ƙasan gwangwani kafin in juya ficin a sauran. Ko sun so gangarawa sai su tarar da shimfiɗa.

Yaya Maman Ilham, maganar ɗanɗano kuma, kirfarki ce ta danne shi. Cokali 2 ya yi yawa ƙwarai. Ƙamshin fici ba mai faɗa ba ne, abu kaɗan ke rufe shi. Kwatan cokali ya isa, ko ki bar ta gaba ɗaya ki sa ɗan garin citta da kankararren bawon lemun tsami. Abin da ya fi dacewa da shi a wurina shi ne ruwan ƙamshin almon, ƙwayar nan da ake ci kamar gyaɗa, ɗigo kaɗan, kwatan ƙaramin cokali. Dangin juna ne fici da almon, in kin fasa ƙwallon fici za ki ga ɗan ciki kamar almon sak. Sai dai kada a ci wannan ɗan cikin, kuma a kawar da shi daga gaban yara, yana ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa guba.

Guda ukun da suka yi laushi sosai kada ki sa su a kwaɓi. Ki raba su biyu, ki jera a faranti cikin yana kallon sama, ki gasa a 200 kamar minti 20 zuwa 25. Ruwan zai ƙone, zaƙin ya taru, gefen ya ɗan yi launin ƙasa. Waɗannan in kin dama su da cokali kin samu abin shafawa a kan yankan burodin, ba sai an ƙara komai ba.

Sauran shidan, in akwai masu tauri, kada ki sa su a firij. Fici da bai nuna ba in ya daɗe a sanyin firij cikinsa yana komawa gari-gari kamar auduga, ba ruwa ba ƙamshi, kuma ba ya gyaruwa. Ki bar su a waje, hancin yana ƙasa, ko ki sa a jakar takarda tare da ayaba ɗaya, iskar da ayabar ke fitarwa tana hanzarta nuna. Amma ki sani laushi da ƙamshi kawai yake ƙarawa bayan an tsinke shi, zaƙi kam abin da ya samu a bishiya shi ke nan. Sai ya nuna sannan a sa a firij, kwana biyu ko uku.

Wane iri ne naki? Akwai wanda in an tsaga an murɗa ƙwallon ke fita salin-alin, akwai wanda tsokar ke manne da ƙwallon sai an yanko da wuƙa. Waɗanda ke nuna a farkon kaka yawanci masu mannewar ne. Kuma mai rawayar tsoka ya fi mai farar tsoka wajen gasawa, don farin tsaminsa kaɗan ne, in ya shiga sukari sai ya ɓace. Na taɓa karantawa cewa asalin itacen daga ƙasar Sin yake, kuma har yau su ke noma fiye da rabin na duniya, amma Turawa suka laƙaba masa sunan Farisa saboda ta can ya iso musu. Tun daga nan nake kallon sa daban.

Hajiya Rabi

Zainab 'yata, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Shimfiɗar kwaɓi a ƙasa dabara ce mai kyau, zan ɗauka. Fulawar da nake barbaɗawa ba don nutsewa kaɗai ba ce, tana shanye damshin da ya rage a jikin yankan, sai kewayensu bai yi caɓa-caɓa ba. Bawo kuwa, wanda haƙoransa suka yi rauni ɗan siririn bawo ma yana manne masa a dasashi ya hana shi jin daɗin ci. A cire wa Baba.

Maman Ilham

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, ya biya ku da gidan Aljanna. Jiya da yamma na yi, ban so in yi magana ba sai na ga yadda ya kwana.

Na bi awon Hajiya, na cire bawon kamar yadda ta ce. Wallahi da na tsamo su daga ruwan sanyi na taɓa da babban yatsa, bawon ya zame gaba ɗaya kamar an cire safa, tsokar tana sheƙi. Zainab, nawa mai mannewa ne, sai da na bi ƙwallon da wuƙa. Guda 3 matsakaita suka ba ni giram 310. Bayan rabin awa da sukari na tace, ruwan ya kusa kashi ɗaya cikin uku na kofi. Na tsaya ina kallon kofin nan, ina tuna cewa sau uku ina juye irinsa har ninki biyu cikin kwaɓi da hannuna.

Abban Khalil, zatonka ya yi daidai. Na aro ma'aunin zafi wurin maƙwabciyar tawa, na sa obin a 175, ya haura 190 ya zauna. Sai da na mayar da shi wajen 160 sannan ma'aunin ya nuna abin da ake so. Fodar kuma tana da rai, ta yi kumfa sosai.

Juyin ne ya fi ba ni wuya. Kwaɓin ya yi kauri, ga gudaji, zuciyata tana ta ce mini bai haɗu ba. Na ƙirga juyi biyar bayan ficin na ajiye cokalin na matsa baya. Na yi shimfiɗar Zainab a ƙasa. Kirfa kwatan cokali, almon ban da shi a gida, sai na kankare bawon lemun tsami rabi. Na yafa takardar a minti 45, ya fito a minti 68. Ruwan da na dafa ya koma kamar cokali uku, na shafa, ya shige ta tsagar yana ƙyalli.

Bai lotsa ba. Na zauna a kicin ina gadin sa har ya huce, don yara suna ta zagaye. Da na yanka, wuƙar ta fito fes, ficin a warwatse daga sama har ƙasa, kowane yanka da rabonsa. Can ƙasa akwai ɗan siririn layi mai damshi, bai kai kaurin farce ba, ina jin da na ƙara minti biyar da ya tafi.

Da safe na kai wa Baba yanka biyu da shayinsa, na shafa masa gasasshen ficin nan na Zainab a kan ɗaya. Ya ɗauka da hannunsa, bai zube ba, bai ɗiga ba. Ya ci na farko shiru, ya ɗauki na biyu, sai ya tambaye ni ko ficin ya ƙare. Na ce saura uku. Ya ce to a ajiye masa su, kada yara su cinye.

Tambaya ɗaya ta rage mini. Na rufe sauran a roba da daddare, da safe na tarar saman ya yi danƙo yana manne wa murfin. Na yi kuskure ne wurin shafa ruwan? Kuma in na yi na ƙarshen da guda ukun nan, yaya zan adana shi ya daɗe masa, tunda kakar ta kusa wucewa?

Hajiya Rabi

Alhamdu lillahi, na ji daɗi har raina. A gaishe mini da Baba.

Ba ki yi kuskure ba, halin sukari ne, yana jawo damshi, ga ficin yana ci gaba da sakin nasa a hankali. Ki shimfiɗa takardar goge hannu a ƙasan robar, ki ɗora wata a sama, kada ki danne murfin sosai. A zafin nan kada ya wuce kwana biyu a waje, don burodi mai ɗanyen ɗan itace yana saurin yin fumfuna. A firij zai kai kwana huɗu ko biyar, sai dai yana ɗan tauri, a ɗumama kafin a ci.

Na ƙarshen kuma, ki bari ya huce sarai, ki yanka shi duka, ki naɗe kowane yanka daban ki jera a jakar firiza. Zai kai wata uku lafiya. Wanda za ki daskarar kada ki shafa masa ruwan, ki zuba ruwan a ƙaramar kwalba ki daskarar da shi daban. Duk safiyar da Baba ya nema, ki ciro yanka ɗaya, ki ɗora a kasko da ɗan bota a wuta kaɗan har gefen ya yi ja, sannan ki ɗiga masa rabin cokali a kai. Wannan karon ki ba shi minti biyar ɗin nan da kika ce.